Idan Dabba Ta Faɗi Ba Zato: Darasi a Kan Guba

Darasin da muka liƙa a allo wannan makon ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a gidan su wata 'yar ajinmu. Da izininta muka rubuta shi, amma mun sakaya sunanta da na unguwarsu.

A makon da muka dawo daga dogon hutu, lokacin da ake tsaka da feshin wake, ta shigo aji idonta ya yi ja. Awakin kakarta uku ne suka faɗi a yini ɗaya. Ɗaya daga ciki tata ce, kakar ta ba ta tun tana 'yar ƙarama, kuma ita ake shirin sayarwa a saya mata takalmi da littattafai. Da safe lafiyarsu ƙalau. Bayan azahar sai aka ga suna dalalar da miyau, jikinsu yana rawa, suna zawo. Kafin la'asar biyu sun mutu, aka yi maza aka yanka ta ukun.

Nan take zargi ya tashi. A makon da ya wuce awakin sun shiga gonar wani maƙwabci sun yi masa ɓarna, har an yi cacar baki. Sai kowa ya ce ai shi ne ya sa musu guba. Ana shirin kai ƙara wurin mai unguwa, ana kuma jiran mahauci ya zo ya ɗauki naman, sai malamin dabbobi ya iso. Ya duba idon akuyar da aka yanka, ya zagaya turken, ya ɗauki wani bokiti ya sansana, ya tambayi wanda ya yi feshi a ranar. Ashe yayan yarinyar ne ya dawo daga gona ya ɗauraye injin feshi a cikin bokitin, ya ajiye da niyyar zubarwa, aka kira shi cin abinci ya manta. Bokitin kuwa shi ne wanda ake ba awakin ruwan dusa a ciki kullum.

Kakar ta ce, "To Malam, wannan da aka samu aka yanka fa? Ai ba mushe ba ce."

Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Wuƙa jini take fitarwa, gubar tana nan cikin hanta da nama. A haƙa rami a binne duka ukun."

Haka aka yi. Washegari kakar ta taka da ƙafarta ta je ta ba maƙwabcin haƙuri. Mu kuma muka ɗauki biro da takarda muka je wurin malaminmu na darasin aikin gona, muka yi tambayoyi, muka duba littattafai. Ga abin da muka koyo.

Ta ina guba ke shiga jiki?

Guba ita ce duk abin da idan ya shiga jiki zai hana shi aiki yadda ya kamata, ko ya kashe shi. Ƙofofinta uku ne: baki, fata da hanci. Dabba za ta iya ci ko sha, za a iya shafa mata a jiki fata ta tsotsa, za ta iya kuma shaƙa a iska. Yawan abin da ya shiga da girman jikin dabbar su ne ke nuna yadda abin zai yi tsanani. Abin da sa zai sha ya yi 'yar kasala, shi ne zai kashe ɗan akuya, kaza kuwa ɗigo kaɗan ya ishe ta. Wannan lissafin ya shafi mutane ma: abin da babba zai jure, ƙaramin yaro ba zai jure ba.

Gubar da ke cikin gidajenmu

Mun tambayi 'yan ajinmu, na cikin garin Gwiwa da masu zuwa daga ƙauyuka, ko akwai maganin ƙwari, na ciyawa ko na ɓera a gidajensu. Kusan kowa ya ɗaga hannu. Ga waɗanda muka fi sani:

1. Fiya-fiya da Sniper. Sinadarin da ke cikinsu sunansa dichlorvos. Yana rikita jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki, sai tsoka ta yi ta motsi ba tsayawa har numfashi ya gagara. Don gona aka yi shi, amma wasu suna fesa shi a ɗaki saboda sauro, wasu suna yayyafa wa wake, wasu har suna shafa wa dabba saboda kaska da ƙuma. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a cikinsa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna.

2. Ƙwayar ajiyar hatsi, irin su Phostoxin. Idan ta haɗu da danshin iska tana fitar da iskar guba mai kashe ƙwarin cikin buhu. Wannan iskar ba ta san ƙwaro da mutum ba. Bai kamata buhun da aka sa wa ita ya kwana ɗaki ɗaya da mutane ko kaji ko tumaki ba.

3. Shinkafar ɓera. Iri biyu ce. Akwai mai kashewa da wuri, baƙin gari mai wari kamar tafarnuwa. Akwai kuma wadda ke hana jini daskarewa, sai bayan 'yan kwanaki dabba ta fara zubar da jini ta ciki. Ana cakuɗa ta da abinci, don haka kaza da kyanwa da kare da yaro mai rarrafe duk suna iya riga ɓeran isa gare ta.

4. Maganin ciyawa, musamman irin mai paraquat kamar Gramoxone. Yana ƙona baki da maƙogwaro, daga baya ya lalata huhu, kuma ba shi da makari.

5. Irin shuka da aka cuɗa da magani. Ana rina shi da launi don a gane ba na ci ba ne. Idan ya yi saura aka watsa wa kaji ko aka zuba cikin dusa, an ba su guba ke nan.

6. Takin zamani, musamman yuriya. Awaki da shanu suna lasar buhun da aka bari a buɗe, ko su sha ruwan da takin ya narke a ciki. A cikin tumbinsu yana rikiɗewa ya zama guba, kuma yana kashewa da sauri.

Guba ba ta tsayawa kan wanda aka nufa

Wannan shi ne babban abin da muke so kowa ya riƙe. Mai gida ɓera yake nufi. Ɓeran ya ci ya fito tsakar gida yana tangaɗi, kyanwa ta cafke shi. Ko a jefar da mushensa a juji, shirwa ko mujiya ta ɗauka. Sai a wayi gari masu kama ɓeran sun mutu, ɓerayen da suka saura kuma su hayayyafa ba mai tsawata musu. Garin neman gira an rasa ido.

Haka abin yake a gona da ruwa. Idan aka yi feshi da hantsi lokacin da wake ke fure, ƙudan zuma da ke kan furen suna mutuwa, mai amya ya rasa zuma. Idan aka wanke injin feshi a kududdufi ko a tabki, kifi da kwaɗi za su taso ruwa, belbela ta ci, shanun makiyaya kuma su zo su sha. A da wasu masunta suna zuba Gammalin a ruwa don kifi ya taso su kwasa, su kai wa mutane kasuwa. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, yana daɗewa a jiki da ƙasa, shi ya sa a 2009 ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da shi a noma. A gabashin jiharmu, yankin Haɗeja, akan yi wa tsuntsaye jan-baki feshi saboda ɓarnar da suke yi wa shinkafa da gero. Tsuntsun da feshi ya kashe ba na tsinta a soya ba ne.

Ina ungulayen garinmu?

Mun tambayi kakanninmu, suka ce a zamaninsu ba kwatar da za ka je ba ka ga ungulaye sun jeru a kan katanga suna jira ba. Mu kuwa da yawanmu a hoto kawai muka san ungulu. Dalilan ɓacewarta suna da yawa, har da masu kama ta suna sayar da sassan jikinta, amma guba tana cikin manya. Ungulaye a taro suke cin abinci, saboda haka mushe ɗaya mai guba yana iya gamawa da garke guda.

A watan Yuni na 2019, a ƙasar Botsuwana, an tsinci ungulaye 537 a mace bayan sun ci mushen giwaye uku da mafarauta suka zuba wa guba. A 2020, a Gini Bisau da ke nan Afirka ta Yamma, sama da 2,000 suka mutu ta hanyar guba, kuma irin ungulun da iyayenmu suka sani ce. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Wani zai ce, to mene ne amfanin ungulu? Ƙasar Indiya ta ba da amsa. A shekarun 1990 ana yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Ba ya cutar da saniya, amma idan ta mutu ungulu ta ci namanta, ƙodar ungulun takan lalace. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulun ƙasar suka ƙare kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Da ungulu ta ɓace sai mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya zama abin tsoro. Ashe ungulu 'yar shara ce da ba a biyanta albashi. Ruwan cikinta yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe.

Alamomin da za mu lura da su

Malaminmu ya ce abu na farko shi ne a duba yadda abin ya zo. Guba takan zo farat ɗaya, ta kama dabbobi da yawa lokaci guda, musamman waɗanda suka ci ko suka sha a wuri ɗaya. Idan aka ga kaza da akuya da kare duk sun faɗi rana ɗaya, zaton guba ya yi ƙarfi, domin cututtuka da yawa jinsi ɗaya suke bi. Sauran alamomin su ne:

- dalalar miyau ko kumfa a baki, da hawaye;
- rawar jiki, tangaɗi ko farfaɗiya;
- zawo, kumburin ciki, ko amai ga kare da kyanwa;
- numfashi da ƙyar;
- ƙwayar ido ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, kamar yadda malamin dabbobi ya gani a idon akuyar ƙawarmu;
- dasashi ya yi fari, ko jini a kashi, idan shinkafar ɓera mai hana jini daskarewa ce;
- matattun ƙudaje ko tsuntsaye a kusa da mushen.

Zato ba hujja ba ne

Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A labarinmu saura ƙiris a ɓata zumuncin gidaje biyu a kan laifin da maƙwabci bai yi ba. A wasu wuraren irin wannan zargin ne ke haɗa manomi da makiyayi faɗa. Alhali akwai abubuwa da yawa da ke kashe dabba ba tare da hannun kowa ba.

Akwai gyauron dawa. Ɗanyen tofon dawa, musamman wanda ya sha fari ko ya sake tohowa bayan girbi, yana ɗauke da sinadarin da ke zama guba a cikin tumbi, kuma yana iya kashe saniya ko tunkiya cikin ɗan lokaci. Makiyaya sun daɗe da sanin haka. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci shi ma irin wannan gubar gare shi, sai an shanya shi ya bushe sosai. Akwai duman kada da ke yaɗo a fadama, wanda ke sa awaki da tumaki rawar jiki. Akwai 'ya'yan zurma da na cini-da-zugu. Akwai dusa ko ƙuli da suka yi funfuna. Akwai leda da ke cushe cikin dabba a hankali.

Sannan akwai cutar saifa, wadda likitoci ke kira antiraks. Tana kashe dabba farat ɗaya, wani lokaci baƙin jini ya fito ta hanci da baki da dubura kuma ya ƙi daskarewa. A watan Yuli na 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a yankin Suleja, jihar Neja. Tana kama mutum idan ya feɗe dabbar ko ya ci namanta. Saboda haka ko guba ce ko cuta ce, hukuncin ɗaya ne: dabbar da ta faɗi ba a san dalili ba, ba a feɗe ta a gida. Gwaji ne kawai ke tabbatar da abin da ya kashe ta. Likitocin dabbobi suna iya ɗaukar samfur su tura ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Agwagin Zamfara

Me ya sa za mu damu da mutuwar kaza ko agwagwa? A farkon 2010, a wasu ƙauyukan Zamfara, mutane sun ga agwaginsu suna ƙarewa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ba a jima ba sai ƙananan yara suka fara amai da farfaɗiya suna mutuwa. Da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran masana suka bincika, sai aka gano gubar dalma ce. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su, ƙurarsu mai dalma ta cika tsakar gida inda yara ke wasa, agwagi ke kiwo. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum yara aƙalla 400 suka rasu. Agwagin sun riga sun ba da labari, ba a dai gane ba.

Dabbobinmu ƙasa ɗaya suke takawa da mu, ruwa ɗaya muke sha. Bokitin da ya kashe awaki uku a tsakar gida yake, kuma ƙawarmu tana da ƙane ɗan shekara biyu. Da ta faɗa mana haka, ajin ya yi tsit.

Idan abin ya faru, me za mu yi?

1. Mu sanar da babba nan take, a kira malamin dabbobi ko a je ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma.
2. A janye sauran dabbobi da yara daga wurin, a ɗauke ruwa da abincin da ake zargi.
3. A adana kwalba ko ledar maganin a nuna wa likita. Sunan da ke jiki shi zai nuna masa makarin da ya dace, domin makarin fiya-fiya daban, na shinkafar ɓera daban.
4. Idan a fata aka shafa maganin, babba ya sa leda ko safar roba a hannu ya wanke dabbar da sabulu da ruwa mai yawa.
5. Kada a yi wa dabbar da ke shure-shure ɗuren manja ko madara. Yana iya wucewa huhu, kuma maiƙo yana taimaka wa wasu gubobin shiga jiki.
6. Kada a ci naman, kada a sayar, kada a sha nonon. Dafuwa ba ta da tabbacin kashe guba.
7. Kada a jefar da mushen a bayan gari. A binne shi a rami mai zurfi, nesa da rijiya, yadda kare ba zai tono ba.
8. Idan mutum ne ya sha ko ya shaƙa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.
9. A riƙe baki daga zargi har sai an bincika. Idan akwai hujja, a kai wa mai unguwa ko dagaci.

Rigakafi ya fi magani

A ƙasan takardar da ke jikin kwalbar maganin feshi akwai zanen launi. Ja yana nufin guba mai tsanani ƙwarai, sau da yawa har da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Ruwan ɗorawa yana nufin mai cutarwa, shuɗi a yi hattara, kore kuma mai sauƙin haɗari, amma shi ma ba abin wasa ba ne. Takardar tana faɗin yawan da za a zuba da kwanakin da za a jira kafin a girbe ko a saki dabbobi a gonar. Harawar waken da aka yi wa feshi jiya ba abincin tunkiya ba ce yau.

A ajiye magani a sama ko a kulle, nesa da abinci da dusa. Kada a juye shi a gorar lemo ko ta ruwa. Injin feshi ya samu bokitinsa na kansa, a yi masa alama da fenti. Idan kwalba ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin injin a fesa a gona, sannan a huda ta don kada wani ya zuba mai ko nono a ciki. A yi feshi da yamma lokacin da zuma ta koma amya kuma iska ta kwanta. Don kaska da ƙuma a nemi maganin da aka yi domin dabbobi, a wurin malamin dabbobi. Don ɓera a fara da tarko da toshe ramuka da rufe abinci. Don ajiyar wake kuwa akwai buhun PICS mai gida uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da an zuba komai ba. Malaman gona na JARDA suna iya nuna yadda ake amfani da shi.

Namu aikin

A gidaje da yawa mu 'yan makaranta ne muke iya karanta abin da ke jikin kwalba, kuma da Turanci ake rubuta yawancinsa. Mu ne kuma ake aika mu ba dabbobi ruwa, mu ne muke kai su kiwo. Don haka ƙungiyarmu ta ba kowane ɗalibi aikin gida na wannan makon: ka roƙi babanka ko yayanka ya nuna maka inda ake ajiye magungunan gona, kada ka taɓa da hannunka, ka karanta masa launin da gargaɗin cikin ladabi. Ke ma ki duba inda ake sa shinkafar ɓera a ɗakin girki, ki tambayi Inna ko kaji da ƙannenki za su iya kaiwa wurin.

Ƙawarmu ta ce yanzu yayanta ya sayi bokiti na daban ya shafa masa jan fenti, yana rataye shi a rumbu. Maƙwabcin nan kuma, da akuyarsa ta haifi biyu, ya ce idan an yaye su ɗaya tata ce.

Tambayoyin wannan mako

1. Kawo hanyoyi uku da guba ke shiga jikin dabba.
2. Me ya sa yanka dabbar da ta sha guba ba ya sa namanta ya ciwu?
3. Ambaci abubuwa biyu da ke kashe dabba farat ɗaya ba tare da wani ya sa mata guba ba.
4. Me jan launi a jikin kwalbar maganin feshi yake nufi?
5. Wane darasi muka koya daga agwagin Zamfara?

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka a allon mako mai zuwa. Allah Ya tsare mu da dabbobinmu, amin.

Daga wakilin aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.